Ranar da Na Saki Hannun Birki

Ummi, Nafisa, wannan shi ne babin da nake ta tsallakewa tun da na fara rubuta muku labarin rayuwata. Na rubuta ƙuruciyata a gidan kakana, na rubuta makarantar kwana, na rubuta haihuwar kowaccenku, amma duk sanda na iso nan sai in rufe littafin in ce sai gobe. Yanzu ba ni da sauran gobe, domin saura mako uku ɗaurin auren Nafisa, kuma na ji da kunnena tana gaya wa ƙawarta a waya cewa ita ma, kamar yayarta, ba ta yarda Baffa Sule ya yi mata walicci ba. Kun tashi da cewa ƙanin mahaifinku ne ya kawo jabun man birkin da ya yi sanadin rasuwar babanku. Ba haka abin yake ba. Ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin wata ta taso ta zo ɗakina.

Kun san shekarar, ko da yake Ummi tana makarantar kwana, Nafisa kuma ba ta gama wayo ba. Ita ce shekarar da in taya ta fashe a titi sai ka ga mutane sun zube ƙasa, shekarar da muka koyi bambance ƙarar ƙofar shago da ƙarar abin da ba a son faɗin sunansa. An cika hanyoyi da shingaye, buhunan yashi da gangunan da aka zuba wa siminti. Mai babur kuwa shi ne abin zargi na farko. In ya doso shinge dole ya tsaya tun daga nesa, ya kashe inji, ya sauka ya tura da hannu har sai ya wuce. Wanda bai tsaya ba, ba a tambayarsa dalili. Da ƙarfe shida na yamma kuma duk wani babur ya shige gida. Babanku yana koyarwa a wata firamare can bayan ganuwa, kullum ta Ƙofar Mazugal yake fita, ta nan yake dawowa. Ni kuma ina Madabo ina sauraron ƙarar injinsa daga bakin lungu, in na ji ta sai in sauke numfashi in ɗora ruwan shayi.

Babur ɗin ja ne, na hannu, ya saya a wajen wani abokin aikinsa. Birkin gabansa ba da waya yake aiki ba, da mai yake aiki, akwai ɗan ƙaramin tanki kusa da inda ake matsawa, da siririn bututu da ya gangara har taya. Birkin baya, na ƙafa, ya riga ya cinye, sai an taka shi har ƙasa yake ɗan kamawa, don haka na gaban ne abin dogaro. A cikin zafin bazarar nan sai shi ma ya fara laushi. Babanku ya ce in ya matsa ji yake kamar yana matsa burodi. Da a da ne da ya kai wa Malam Garba bakanike a bakin ƙofa an gama cikin rabin sa'a, to amma an tashi rumfar kanikawan, ba a son babura su taru kusa da shinge, Malam Garba ya tattara kayansa ya koma ƙauyensu. Sauran garejin da suka rage kowa tsoron zama yake a cikinsu, domin duk inda babura suka yi yawa ana iya zuwa a kwashe har da masu jira.

Baffanku Sule a lokacin yana da ɗan shagon kayan babur, yana zaune a Yakasai inda yake har yau. Ba ku san shi da raha ba, amma a da in ya shigo gidan nan sai cikina ya yi ciwo don dariya. Ranar wata Laraba bayan la'asar ya zo da leda: kwalbar man birki sabuwa da murfinta a liƙe, ƙaramar sifana, da tiyon ƙarin ruwa da ya karɓo a kyamis. Ina daga cikin gida ina jin su a soro.

"Iska ce ta shiga bututun, Yaya. Abin da kanikawa ke cewa bilidin za a yi masa, a kore ta. Amma aikin mutum biyu ne, ɗaya yana matsa hannu, ɗaya yana kwance noti a ƙasa. Ka bari sai Asabar in zo mu yi tare."

"Jarrabawa muke yi," in ji babanku. "Ba zan yi kwana uku ina tsayar da babur da takalmina ba. Gwada mini kawai."

"To wa zai riƙe maka?"

"Ga 'yar Larabawa a ciki."

Haka yake kirana in yana son tsokana. Sule ya ɗaga murya don in ji.

"Yaya Saude, wai ke ce za ki yi kanikanci? Hannun da ko albasa ya yanka sai an yi kwana biyu ana jinya?"

Na ce masa daga bayan labule ya zo ya ga tuwon da hannun yake tuƙawa, wanda shi ke fara miƙo kwano. Ya yi dariya, ya maimaita wa yayansa yadda ake yi har sau biyu, sannan ya tafi, don yana son ya isa Yakasai kafin a hana babur.

Dole in gaya muku wani abu game da ni kafin ku gane abin da ya biyo baya. Kakana na wajen uwa Balaraben Gadamas ne, cikin fataken da suka zauna a birnin nan tun da daɗewa, kuma a gidansa mace ba ta taka soro sai in fita za ta yi, a lulluɓe. Mahaifiyata ta horar da mu cewa in namijin da ba muharraminki ba ya fara sallama, kafin ya kai ƙarshenta kin ɓace. Ba tunani ake yi ba, ƙafa ce take tafiya da kanta. Na yi sakandare, na zauna a aji malamai maza suna koyar da mu, amma wannan bai fita daga jikina ba. A ranar kuwa na cire mayafi, domin Sule ya ce man yana ɓata tufafi, daga ni sai zani da 'yar riga mai gajeren hannu, ɗankwalin ma ya zame baya. Babu wuta, soron da duhu, sai babanku ya zare sakata ya ɗan buɗe ƙofar waje don haske ya shigo. Nafisa tana Islamiyya. Mu biyu ne a gidan.

Ya shimfiɗa buhu ya durƙusa a gaban tayar gaba. Ya buɗe ɗan tankin ya cika shi da sabon mai, fari tas kamar man zaitun. A jikin birkin, can ƙasa, akwai wani ɗan noti mai huda a tsakiya. Ya cusa bakin tiyon a kansa, ɗaya bakin ya saka a tsohuwar kwalbar magani. Sannan ya ɗaga kai ya yi mini bayani a hankali, da muryar da yake koyar da 'yan aji uku.

"Za ki matsa sau uku, na ukun ki riƙe. Ni kuma in kwance notin. Za ki ji hannun ya tafi har ya kwanta, kada ki ji tsoro, kada kuma ki saki. Sai na ɗaure na ce saki. In kika saki notin yana buɗe, iska za ta koma ciki, sai mu sake daga farko."

"Na ji, Malam."

"Maimaita mini."

"Ni ba ɗalibarka ba ce."

"Yau dai ke ce."

Muka fara. Matsa, matsa, matsa, riƙe. Na riƙe. Ya juya sifanar kaɗan, sai ga tsohon man ya biyo tiyo, baƙi kamar shayin da aka manta a kan wuta, da 'yan ƙananan kumfa a jere kamar tsakiyar wuya. Hannun ya lume a cikin yatsuna har ya taɓa roba. Ya ɗaure. Saki. Na saki. Haka muka yi ta yi, yana tashi lokaci-lokaci ya ƙara mai a tankin don kada ya ƙafe. Sannu a hankali abin da ke fitowa ya fara washewa, kumfar ta ragu, ni kuma na fara jin hannun yana yi mini gardama, yana ƙara tauri. Ban taɓa sanin ƙarfe yana da magana ba sai ranar. Ina so ku sani cewa wannan sa'ar tana cikin mafi daɗin da na yi a aurena. Shekara goma sha shida muna tare, shi da aikinsa, ni da nawa, ba mu taɓa haɗa hannu a kan abu ɗaya kamar haka ba. Watanni ke nan ban ji dariyarsa ba saboda halin da gari yake ciki, amma ranar har da riƙe ciki, don na fara ba shi umarni ina cewa ya yi sauri hannuna ya gaji.

"Da na san haka kike da tuni mun buɗe gareji," in ji shi. "A rubuta a allo, Hajiya Saude da yaronta."

Man ya kusa ƙarewa, saura kamar kaurin yatsa a gindin kwalbar. Ya ce wannan shi ne na ƙarshe. Matsa, matsa, matsa, riƙe. Na riƙe, ya kwance notin. A daidai nan aka turo ƙofa, sallama da mutum suka shigo tare. Malam Inuwa ne, wakilin mai unguwa, da littafi a hannu, yana bi gida-gida yana rubuta lambar duk wani babur da ke unguwa, kamar yadda aka umarce su. Dattijo ne mai kunya, a da ba zai taɓa shiga soron mutum ba sai an amsa masa, amma ya ga ƙofa a buɗe, kuma yana sauri. Ban san sanda na bar wurin ba. Abin da na sani, har yau kuma ina jin sa a tafin hannuna, shi ne yadda hannun birkin ya kuɓuce daga yatsuna ya koma waje. Babanku ya juya wajen ƙofa yana amsa sallama, sifanar tana hannunsa. Daga bayan labule na hango ya mayar da ita ya ɗaure notin yana gaisawa da baƙon.

Da Malam Inuwa ya tafi ya kira ni. Na fito da mayafi wannan karon. Yana goge hannu da tsumma, gumi ya jiƙa masa riga, gwiwoyinsa sun yi fari da ƙasa.

"Kin gudu kamar an ce ga kura. Kin saki kafin in ɗaure, ko bayan na ɗaure?"

Na dubi kwalbar, babu abin da zai isa a sake. Na dubi ƙofa, rana ta yi sanyi, shida ta gabato, babu inda za a samo wani. Na dubi fuskarsa, har yanzu da sauran dariyar ɗazu a kanta. Na yi ta neman babban dalili na shekara da shekaru, ban samu ba. Ba tsoronsa nake ji ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Kawai ban so in zama wadda ta ɓata wannan yammar ba.

"Bayan ka ɗaure," na ce.

Ya miƙe ya kama hannun birkin ya matsa da sauri sau biyar ko shida. Ya yi tauri. Ya ce alhamdu lillahi. Ni ma na ce alhamdu lillahi, zuciyata ta ɗan kwanta, na ce a raina ashe ba komai. Sai daga baya na san cewa haka iska take yi: in aka matsa a jere da sauri sai ta matse wuri guda birki ya yi kamar ya gyaru, in aka bar shi ya huta sai ta sake bajewa, matsawar farko ta tafi a banza. Shi bai sani ba, sabon shiga ne. Ni ma ban sani ba. Amma na san na saki.

Da safe na yi niyyar gaya masa. Ya makara, yana shan koko a tsaye, takardun jarrabawa a jakar da ya rataya. Ya tura babur ɗin waje, na bi shi har bakin labule.

"Malam."

"Na'am?"

"Ka taho mana da attaruhu in za ka dawo."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Allah ya tsare."

A cikin lungunan Madabo ba a gudu, birkin ƙafa ya ishe shi, don haka bai taɓa na gaban ba har ya hau titi. Abin da ya faru bayan nan mai shayin bakin ƙofa ne ya ba da labari, shi ya gani. An matso da shingen gaba a daren, ya dawo daf da kwana, ba inda babanku ya saba samunsa ba. Ya shawo kwanar sai ga shi a gabansa. An ga hannunsa yana matsawa, an ga ya taka na ƙafa, babur bai tsaya ba. Masu tsaron suka ɗaga bindigogi suna yi masa tsawa. A bayansu akwai mutane a jere suna tura baburansu, da mata masu zuwa asibiti. Mai shayin ya ce da gangan ya karkatar da kan babur ɗin ya nufi gangunan siminti. Ya san abin da zai biyo baya in ya keta shingen, kuma ba shi kaɗai abin zai samu ba. Ya daɗe a kwance ba a bari kowa ya matsa ba, saboda jakar da ke jikinsa. Da aka buɗe ta takardun yara aka samu. Ban taɓa riƙe mutanen nan a zuciyata ba. Su ma 'ya'yan wasu ne, kuma sun ga abin da ya sa suke tsoron jaka.

Kwana tara ya yi a asibiti, kansa a naɗe. Wani lokaci ya gane mutane, wani lokaci ya kira ni da sunan yayarsa da ta rasu. A rana ta shida, da hantsi, aka bar ni da shi ni kaɗai. Idonsa a buɗe. Na sunkuya na gaya masa duka, na ce na saki kafin ya ɗaure, na ce na yi masa ƙarya, na roƙe shi gafara. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce:

"An shigar da babur ɗin soro? Kada rana ta dake shi."

Ban sani ba ko ya ji, ko bai ji ba, ko kuwa ya ji ya zaɓi ya faɗi wannan. Ya cika ranar Asabar bayan azahar. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

A zaman makoki, rana ta uku, ɗakin Hajiya kakarku cike da mata, aka shiga maganar yadda abin ya faru. Wata gwaggonku ta ce ai kasuwa ta cika da jabun kaya, man birki ma har da ruwa ake haɗa shi. Hajiya ta tambaya wa ya kawo man. Aka ce Sule. Ta sa aka kira shi daga waje, ya durƙusa a bakin ƙofa, idonsa jawur.

"Kai ka kawo masa man?"

"Ni na kawo, Hajiya."

"Daga shagonka?"

"Daga shagona."

"Ka rasa wanda za ka sayar wa sai ɗan'uwanka. Tashi ka ba ni wuri."

Ina zaune a kusurwa cikin mayafin takaba, tsakanina da Hajiya bai fi taku biyu ba. Ummi, kina jingine a kafaɗata, an ɗauko ki daga makaranta, kin ji komai. Na buɗe baki, sai na fasa. Na ce a raina bari mutane su ragu. Da suka ragu na ce bari a yi bakwai. Da aka yi bakwai na ce bari a yi arba'in.

Bayan arba'in da kwana biyu Sule ya zo. Ina cikin takaba, don haka ya tsaya a soro, ni ina bayan labule, a wurin da na tsaya ranar. Muka gaisa, ina jin yana juya makullin babur a hannunsa.

"Yaya Saude, na karɓo babur ɗin. Na kai shi Fagge wajen wani tsohon bakanike, da ragowar man da ke kwalbar. Ya ce man ba shi da laifi. Iska ya samu a bututun."

Ya ƙara da cewa:

"Na gaya wa Yaya aikin mutum biyu ne. Na san ke kika riƙe masa."

"Sule," na ce, sai kuka ya ci ƙarfina. Da ƙyar na haɗa maganar. Na gaya masa zuwan Malam Inuwa, na gaya masa tambayar da yayansa ya yi mini da amsar da na ba shi. Da na gama sai ya tambaye ni:

"Wa kika gaya wa?"

"Shi kaɗai, a asibiti. Sai kai."

"To ya tsaya a nan. A bar shi a kan man."

"Ba zan iya ba. Kana ganin yadda Hajiya take yi maka."

"Hajiya uwata ce, duk fushin da za ta yi ba za ta sake haihuwata a wani gidan ba. Ke kuwa in ta ji, ba za ki ƙara kwana a gidan nan da daɗi ba, kuma yaran nan za a ce a karɓe su. Uba ya tafi, ke kaɗai kika rage musu. Kina so su riƙa kallon hannunki in kina zuba musu abinci?"

Na ce masa wannan zalunci ne a kansa. Ya ce ai shi ma da nasa laifin, da ya kwana a gidan ranar ya riƙe da kansa. Sannan ya yi ƙoƙarin yin irin wasansa na da, ya ce dama ya faɗa hannun 'yar Larabawa ba na kanikanci ba ne, amma muryarsa ta karye a tsakiya, ya yi sallama ya fita.

Na karɓi abin da ya ba ni. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko girma, domin na farko a cikin ƙiftawar ido na yi shi, na biyun kuwa kullum safiya nake sabunta shi. Na aika an tambayar mini wani malami ba tare da an faɗi sunana ba. Ya ce ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma babu mai iya rantsuwa cewa iskar nan a sakin ƙarshe ta shiga, tana yiwuwa dama ba ta gama fita ba. Na yarda da wannan, na san babanku ba zai ƙara ko numfashi ɗaya a kan abin da aka rubuta masa ba. Duk da haka na yi azumin wata biyu a jere. Nafisa, kin tuna kina tambayata wane irin azumin ramuwa ne ba ya ƙarewa. To shi ne. Amma azumi tsakanina da Ubangijina ne, bai wanke Sule a idon kowa ba.

Kun ga sauran da idonku, sai dai ba ku san abin da kuke gani ba. Maganar jabun mai ta bi unguwa har ta isa kasuwa, mutane suka janye daga shagonsa, ya rufe ya koma sayar da katin waya a bakin titi. Duk sallah yana zuwa ya ajiye muku atamfa a soro, ku fito ku gaishe shi da ƙyar kuna kallon gefe, ni ina ciki ina ji. Hajiya ta rasu tana amsa gaisuwarsa a taƙaice. Ranar da za ta cika shi ne yake riƙe da ƙafafunta, ba ta janye ba, wannan kaɗai ya samu. Sai auren Ummi. Kika zo kika same ni a kicin kika ce ba kya son hannun da ya kashe ubanki ya ba da aurenki, a nemo Baffa na Zariya. Ina riƙe da muciya. Allah ya ba ni dama a fili ranar, na ce miki, yadda kika ga ya dace. An gaya mini ya zo ɗaurin auren ya zauna a sahun baya, da aka shafa fatiha ya yi wa angon murna kamar kowane baƙo. Gadon da kike kwana a kai, wanda na ce miki gudummawar dangina ce, shi ya saya.

Makon jiya na kira shi a waya na ce zan rubuta muku. Ya tsufa, sukari ya taɓa masa ido, amma muryar tana nan.

"Yaya Saude, da kin bari. Me ya rage? Na saba."

"Hajiya ta tafi, yaran sun girma. Babu wanda zai karɓe mini su yanzu."

"Za su iya karɓe kansu."

"Na sani."

Can ya ce, a hankali, kamar mai jin kunyar tambaya:

"Ita Nafisan, wane ne yaron? Mutumin kirki ne?"

Ban gaya muku wannan don ku tausaya mini ba, kuma ba zan ce ku yafe mini a yau ba. Na sa kun yi wa mutumin da ya rufa mini asiri abin da ba za ku iya mayarwa ba, kuna da ikon yin fushi gwargwadon yadda kuka ga dama. In kun ga ba za ku iya kallona ba na wani lokaci, zan jira. Nafisa, waliccin aurenki ba zan tilasta miki ba, amma yanzu kin san wanda kike ƙi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan tafi Yakasai. Na gaya masa ina zuwa. Ya tambaye ni mu nawa ne, don matarsa ta san abin da za ta dafa. Na ce masa ban sani ba tukuna.